Da Wa Ikilisiya Za Ta Yi Koyi? Jagora Ga Masu Sujada Da Hausa A Legas

Kowace ikilisiya tana koyi da wani abu, ko ta sani ko ba ta sani ba. Mai buga bulo ya san in akwatin awonsa ya karkace, duk bulon da ya fito karkatacce ne, kome kyan siminti da yashi. Saboda haka kafin dattawa su zauna kan maganar sayen fili a Ikorodu ko sabon janareta, akwai tambayar da ta riga waɗannan: tsarin wa muke bi?

Abubuwa huɗu ne suka fi jan ikilisiyoyin masu jin Hausa a Legas. Akwai fada, inda fasto ya zama sarki, dattawa suka zama fadawa, ba mai cewa a'a. Akwai bariki, domin da yawa cikinmu sojoji ne da 'yan sanda ko 'ya'yansu, har girman kafaɗa ya biyo mutum cikin majami'a, kofur ya kasa buɗe baki a gaban manjo. Akwai kamfani, inda ake auna albarka da yawan kujeru da nauyin baiko. Sai ƙungiyar 'yan gari, wadda ta fi sauran wuyar ganewa don tana da daɗi: kowa yarenku, kowa ya san kakanka, baƙo kuwa ya zo sau biyu ya daina.

Yesu ya riga ya rufe ƙofar ukun farko a Markus 10:42-45, inda ya ce masu mulkin al'ummai suna nuna wa mutanensu iko, amma ba haka zai zama a tsakanin almajiransa ba, mai son girma sai ya zama bara. A Yahaya 13 ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafunsu. Shi ne abin koyi na fari. Amma dattawa sukan tambaya, da gaskiyarsu, yaya wannan hali yake zama tsari, da jadawali, da littafin kuɗi? Amsarmu ita ce a dubi ikilisiyar Sabon Alkawari da ta fi kama da tamu, wato ta Antakiya.

Me ya sa Antakiya

Antakiya ta Suriya, wadda yau take cikin ƙasar Turkiyya, ita ce birni na uku a girma a daular Roma, bayan Roma da Iskandariya. Birnin ciniki ne mai tarin harsuna, da tashar jiragen ruwa kusa da shi a Salukiya. Ba manzanni ne suka kafa ikilisiyarta ba. Ayyukan Manzanni 11:19-21 ya ce mutanen da tsanani ya warwatsa bayan kisan Istifanas ne, kuma waɗanda suka fara yi wa Helenawa wa'azi ko sunayensu ba a rubuta ba, an dai ce mutanen Kubrus da Kurane ne. Duk wanda ya san yadda 'yan'uwa daga Gwoza, Cibok, Kudancin Kaduna, Filato, Zuru, Tangale da Adamawa suka iso Legas, wasu neman abinci, wasu gudun kashe-kashe, zai gane wannan ikilisiya tun daga nesa.

Abin da ta yi a rubuce yake. Barnaba da Shawulu, wanda aka fi sani da Bulus, sun yi shekara guda cur suna koyarwa a cikinta. A nan aka fara kiran masu bi Kirista. Da aka yi annabcin yunwa a zamanin Kalaudiyas, sun tara gudummawa gwargwadon ƙarfin kowa suka aika Yahudiya. Shugabanninta biyar ne daga wurare dabam-dabam. Ta saki biyu mafi gwaninta cikinsu suka tafi aikin bishara. Ta kuma yi rikicin ƙabilanci a kan cin abinci tare, ta warware shi a fili. Waɗannan su ne ma'aunin da za mu bi.

Zaman awo

Kada a fara da canza kome. A fara da aunawa. A sa zama uku, kowanne awa biyu, a ranakun Lahadi uku bayan sujada, domin kiran mutane ranar Asabar daga Ajah zuwa Agege asarar kuɗin mota ne. Masu zama su ne fasto, dattawa, shugabar Zumuntar Mata, shugaban matasa, da mutum biyu marasa muƙami, gwamma mai gadi ɗaya da 'yar aiki ɗaya. In ba a sa irin waɗannan biyu ba, za a auna ikilisiyar masu mota ne kawai.

A zo da abu uku: littafin shiga da fitar kuɗi na wata goma sha biyu, rajistar membobi, da takardar da wani ya rubuta mintocin da kowane sashe na sujada ya ci a Lahadi huɗu a jere. A zama na farko a karanta Ayyukan Manzanni 2:42-47, 6:1-7, 11:19-30 da 13:1-3 da murya, ba wa'azi. A na biyu a buɗe takardun. Minti nawa aka ba Maganar Allah, nawa aka ba sanarwa da baiko? Cikin kowace naira ɗari, nawa ta tafi gini da kayan kiɗa, nawa ta isa hannun mabukaci? Su wa suka yi wata guda ba su zo ba, wa ya je ya gan su? A na uku a zaɓi gyara uku kacal, a sa wa kowanne mai kula da ranar dubawa.

Inda abin yake lalacewa shi ne zaman ya koma shari'ar fasto. Maganinsa a gayyato dattijo ko rabaran daga gundumar ɗarikarku ya shugabanci zaman, a kuma amince tun farko cewa takarda za a tuhuma, ba mutum ba.

Koyarwa, harshe da lokaci

Shekara guda ta koyarwa ce ta sa aka ga Almasihu a jikin mutanen Antakiya. Yustinu Mai Shahada, wanda ya rubuta wajen shekara ta 150, ya bayyana sujadar Lahadi ta zamaninsa: karatu mai tsawo daga rubuce-rubucen manzanni da annabawa, gargaɗin shugaba, addu'a, gurasa da ƙoƙo, sai tarin gudummawa don marayu, gwauraye, fursunoni da baƙi. Sujadar awa biyu ta ishi wannan duka. A ba karatun Littafi Mai Tsarki minti goma, sura guda cikakkiya, ba aya biyu ba. Wa'azi minti talatin da biyar zuwa arba'in. Sanarwa kada ta wuce minti goma, sauran a tura ta WhatsApp, da saƙon murya don waɗanda ba sa karatu. Baiko sau ɗaya. In ƙungiyoyin waƙa biyar ne, biyu su yi yau, sauran mako mai zuwa.

A bi littafi guda daga farko zuwa ƙarshe, misali Markus cikin wata huɗu. Mai wa'azin da yake zaɓen aya kowane mako, ko bai nufa ba, yakan koma kan abin da yake ci masa tuwo a ƙwarya, jama'a kuma su gane da wa ake.

Maganar harshe tana bukatar gaskiya. Ga yawancinmu Hausa harshe na biyu ne, shi ya haɗa Bajju da Marghi da Tarok a benci ɗaya. Amma yaran da aka haifa a Legas sun fi sakewa da Turanci, da Turancin buroka, wasu da Yarbanci. In aka nace sai Hausa zalla, za su zauna shiru har su kai shekara goma sha takwas, sannan su tafi. In aka watsar da Hausa, an kori kakarsu da sabon zuwa. Abin da yake aiki shi ne babbar sujada da Hausa, makarantar Lahadi da zumuntar matasa da Turanci tare da haddar aya a harsunan biyu, sannan sau ɗaya a wata, ranar Jibin Ubangiji, a haɗu duka da tafinta. Tafinta ya sami ayoyi da kan magana tun ranar Juma'a, mai wa'azi kuma ya rage tsawon wa'azinsa da kusan rabi, domin fassara tana ninka lokaci. Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 14 maganar da ba a fahimta ba ta gina kowa. A kuma tsai da juyi ɗaya na Littafi Mai Tsarki don bagade, domin tsohon juyi na 1932 da waɗanda suka biyo bayansa sun bambanta a kalmomi, mai koyon karatu yakan ruɗe in abin da yake ji ba shi ne a gabansa ba.

Sai lokaci. Mai gadi da ya kwana a bakin ƙofa ba ya sauka sai an karɓe shi. 'Yar aiki sau da yawa ba ta fita sai ta gama abincin rana. Sujadar ƙarfe takwas na safe ba tasu ba ce. A buɗe gajeriyar sujada ta awa ɗaya da ƙarfe huɗu na yamma, da cikakken wa'azi da Jibin Ubangiji a lokacinsa, fasto da kansa ya riƙa zuwa. In aka bar ta a hannun duk wanda ya samu sarari, mutane za su gane cewa ta 'yan rakiya ce.

Rukunonin unguwa

Ikilisiyoyin farko a gidaje suke taruwa, kamar gidan Akila da Biriskila a Romawa 16:5. A Legas cunkoson hanya ya mai da wannan tilas. A raba membobi rukuni-rukuni, mutum takwas zuwa goma sha biyu, waɗanda za su isa wuri ɗaya da ƙafa ko da mota ɗaya. Da unguwa za a raba, ba da yare ba: Obalende, Mile 12, Idi-Araba, Ojo. Taron ya zama minti saba'in da biyar: waƙa biyu, karanta nassin Lahadin da ta wuce da tambayoyi uku, jin damuwar kowa, addu'a. Babu lasifika, babu ganga, domin ɗakin haya ne, mai gida da maƙwabta suna da haƙƙi. Kowane rukuni da jagora da mataimaki, in ya kai mutum goma sha biyar a raba shi biyu.

Babban aikin jagora shi ne sanin inda kowa yake. Wanda bai zo sau biyu a jere ba a kira shi, na uku a taka a je, zumunta a ƙafa take. Abu biyu ke kashe rukuni: ya rikiɗe ya zama adashe, ranar da wani ya kasa zubi sai ya daina zuwa addu'a, ko jagora ya fara karɓar baiko, bayan shekara ya kafa allo da sunansa. Don haka kada a karɓi kuɗi a rukuni ko kaɗan, dattawa kuma su riƙa zagayawa kowane wata uku.

Shugabanci

Ayyukan Manzanni 13:1 ya lissafa biyar: Barnaba mutumin Kubrus, Saminu da ake kira Baƙi, Lukiyas Bakurane, Manayen wanda aka goya tare da Hirudus, da Shawulu na Tarsus. Ɗan fada da baƙo a tebur ɗaya, ba kuma mutum ɗaya a kan kowa ba. Bulus da Barnaba ma dattawa suka naɗa a kowace ikilisiya, ba dattijo guda ba.

Sharuɗɗan suna 1 Timoti 3 da Titus 1, kusan dukansu hali ne: mai mace ɗaya, marar maye, marar faɗa, marar son kuɗi, mai karɓar baƙi, mai iya koyarwa, ba sabon tuba ba, mai kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba masu bi ba. Ba a ambaci digiri, muƙamin soja ko yawan zakka ba. Ga yadda za a bi. Jama'a su ba da sunaye a rubuce. Dattawa biyu da mace ɗaya daga Zumuntar Mata su ziyarci gidan kowane mutum, macen ta zauna da matarsa su kaɗai. A tambayi maƙwabcinsa da abokin aikinsa, ko Musulmi ne ko Bayarabe, domin shaidar na waje da nassi ya nema ke nan. A karanta sunayen Lahadi uku, mai ƙorafi ya kawo shi a asirce da sunansa. Sannan a yi zaɓe bisa tsarin ɗarika, da wa'adi, don kujera kada ta zama gado.

Ayyukan Manzanni 6 ya koya mana abin da za a yi in wani ɓangare ya yi kuka. Gwaurayen masu jin Helenanci aka riƙa tsallakewa a rabon abinci. Manzanni ba su ce ana raba kan ikilisiya ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai, dukan bakwai ɗin kuma sunayen Helenanci gare su, ɗayansu Nikolas mutumin Antakiya ne. Wato waɗanda aka yi wa rashin adalci aka damƙa wa rabon. In 'yan'uwa Maguzawa ko Zuru ko wata ƙaramar ƙabila suka ce ba a ganinsu, a ƙirga dattawa da shugabannin ƙungiyoyi, a ga daga ƙananan hukumomi nawa suka fito. In kashi biyu cikin uku daga yanki ɗaya ne, kukan gaskiya ne. Bitrus kansa ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya, Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, kamar yadda Galatiyawa 2:11-14 ya nuna. Ƙabilanci a teburin Ubangiji ba ƙaramin laifi ba ne da za a rufe da murmushi.

Fasto kuma yana da haƙƙi. A biya shi albashinsa a rana tsayayya, da kuɗin haya da na asibiti, domin faston da yake jiran ambulan daga mai kuɗi ba zai iya tsawata wa mai kuɗin ba. Kada a karɓi ƙara a kansa sai da shaidu biyu ko uku, bisa 1 Timoti 5:19. Amma in ta tabbata, kada a ɓoye.

Kuɗi

A 2 Korantiyawa 8:18-21 Bulus bai yarda gudummawa ta bi ta hannunsa shi kaɗai ba. An haɗa shi da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don a yi abin da yake daidai a gaban Allah da gaban mutane. In manzo ya nemi shaida, ma'ajinmu bai fi ƙarfin haka ba.

Mutum uku marasa dangantaka da juna su ƙirga baiko nan take bayan sujada, a ɗaki buɗe, a canza su kowane wata. Su cika takarda mai kwafi biyu, su sa hannu, ɗaya ga ma'aji, ɗaya ga sakatare. A kai kuɗin banki ranar Litinin gaba ɗaya. Kada a cire ko kuɗin man janareta daga kwando kafin a kai, nan ne ɓaraka take farawa, domin abin da bai shiga littafi ba, ba a iya binsa. Asusu ya kasance da sunan ikilisiya, masu sa hannu uku, sai biyu sun sa kuɗi ya fita, saƙon banki kuma ya shiga waya biyu. Kada a taɓa karanta lambar asusun wani mutum daga bagade, ko na fasto ne. In kuna ƙarƙashin ɗarika mai rajista, ku nemi takardunta ku buɗe asusun. In ba haka ba, sai an yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC. A manna rahoton wata a bango, da Hausa, a lambobin da kowa zai gane, a kuma kawo mai binciken kuɗi daga waje sau ɗaya a shekara.

Bayan an fitar da kason da ɗarika ta yanka, shawararmu ita ce a ware aƙalla naira goma sha biyar cikin ɗari don mabukata, goma don bishara, a asusu dabam, a ranar da kuɗin ya shiga. In aka ce sai abin da ya rage, gini zai cinye duka. A daina kiran suna da adadi a taron neman gudummawa. Yakubu 2:1-4 ya hana a ba mai zoben zinariya kujerar gaba a bar matalauci a tsaye, kuma mai gadin da ya ba da dubu ɗaya daga albashinsa bai kamata ya koma gida da kunya ba.

Taimako

Nan ne ikilisiyar baƙi take nuna ko ita ce. Rabon dukiya da masu bi na farko suka yi a Urushalima ba tilas ba ne, Bitrus ya gaya wa Hananiya cewa gonar tasa ce, kuɗin ma nasa ne. Ba kuma rabon ido rufe ba ne: 1 Timoti 5 ya nuna akwai rajistar gwauraye, da sharaɗin shekara sittin, da umarnin cewa mai dangi danginsa su fara ɗaukarsa. Don haka a kafa kwamitin mutum biyar, aƙalla biyu mata, da littafin da su kaɗai suke gani.

Sabon zuwa da ya sauka daga tirela a Mile 12 ko Agege da jaka ɗaya, tambayar farko ba ta katin baftisma ba ce. Dattijo ya ce masa, "Ɗana, sannu da hanya. Ka ci abinci? Ina za ka kwana yau?" A tanadi gida biyu ko uku da suka yarda su sauki baƙo, namiji wurin maza, mace wurin iyali, na mako biyu, ikilisiya ta ba da kuɗin abinci. A faɗi wa'adin tun ranar farko. A kira fastonsa na gida a tabbatar da shi kafin wani ya tsaya masa a wurin aiki, domin wanda ya sa hannu a takardar lamuni shi za a kama in kaya suka ɓace. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni 2022, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, saya wa saurayi babur ba lallai taimako ba ne. Kuɗin koyon walda, gyaran waya, aikin famfo ko tuƙi ya fi daɗewa, a biya shi kai tsaye ga maigidan sana'ar, kashi biyu. Mai lafiya da ya ƙi aiki kuwa, 2 Tasalonikawa 3:10 ta yi maganarsa.

Rashin lafiya ba ya jiran taron dattawa. A yanke wani adadi da mutum uku za su iya amincewa da shi ta waya cikin awa ɗaya, a biya asibiti kai tsaye, a kawo rasit. Mutuwa kuma a yi maganarta tun kowa yana da rai. Kai gawa Arewa yakan cinye abin da gwauruwa da marayu za su ci wata da watanni. A rubuta abin da ikilisiya za ta bayar, daidai ga kowa, dattijo ko mai shara, a kuma koyar a fili cewa binne mai bi a Legas ba abin kunya ba ne. In iyali suka zaɓi kai shi gida, a raka su, amma a ajiye wani kaso a hannun matar.

Abu ɗaya da bai kamata a yi shiru a kansa ba: kada ikilisiya ta zama hanyar kawo ƙananan yara daga ƙauye aikatau. Jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, kuma ko babu doka, yarinya 'yar shekara goma sha biyu makaranta ce wurinta. Zumuntar Mata ta san kowace 'yar aiki da ke zuwa sujada, gidan da take, da ko ana biyanta.

Horo

Matiyu 18:15-17 ya jera matakai: kai da shi kaɗai, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Galatiyawa 6:1 ta ce da tawali'u, don a komo da shi. Mu kan tsallake biyun farko mu fara da sanarwa. A sa wa horo wa'adi, a ba mutumin dattijo ko uwa da za ta riƙa ganinsa kowane mako, a karɓe shi a fili kamar yadda aka dakatar da shi a fili. In yarinya ta yi ciki aka sa ta bencin baya, namijin kuma yana riƙe da makirufo don ɗan wani ne, wannan ba horo ba ne, zalunci ne. Fyaɗe, lalata da yara da dukan mace laifuffuka ne a gaban hukuma, a kai rahoto, horon ikilisiya ba ya maye gurbin wannan.

Gini da maƙwabta

Ɗaya daga cikin gidajen sujadar Kirista mafi daɗewa da masu tonon tarihi suka gano, a Dura-Yuropos ta Suriya, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240. Kusan shekara ɗari biyu ke nan bishara tana yaɗuwa ba tare da manyan gine-gine ba. Hayar ajin makaranta ba gazawa ba ce. In za a sayi fili, a ɗauki lauya da safiyo, a bincika a ofishin filaye na Alausa kafin a biya ko kwabo, domin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu sananniyar masifa ce a Legas. Takarda ta fito da sunan amintattun ikilisiya, ba na fasto ko mai kuɗin da ya ba da rabi ba. Kada a ci bashin da biyansa zai taɓa kason mabukata.

Lasifika ta fuskanci ciki. Hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, tana rufe wuraren ibada saboda ƙara, amma tun kafin hukuma, Romawa 12:18 ta ce a zauna lafiya da kowa iyakar iyawa. Hausawa Musulmi na unguwa harshenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, sau da yawa motar da ta kawo mu ɗaya. Dattawa su san Sarkin Hausawan unguwa da limami da baalen Yarbawa tun ana zaman lafiya, a je gaisuwar sallah da ta'aziyya. Ranar da rikici ya tashi a kasuwa, lambar wayar da aka karɓa tun bara ce take aiki.

Aikawa

Antakiya ta yi azumi da addu'a ta saki Barnaba da Shawulu, biyu cikin biyar. A watan Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a nan Legas da nufin kai bishara yankin da a lokacin ake kira Sudan, wanda ya haɗa da Arewacin Najeriya. Gowans da Kent sun mutu a 1894, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, daga wannan aiki ɗarikar ECWA ta fito. Tun kafin su, Henry Venn na ƙungiyar mishan ta CMS ya koyar cewa ikilisiyar ƙasa ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta, a kan wannan tunani aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864. Na ukun nan, wato ikilisiya ta yaɗa kanta, shi ne muka fi sakaci da shi.

Ikilisiya mai mutum ɗari tana iya ɗaukar mai bishara ɗaya. A yi ta hannun hukumar bishara ta ɗarika, a ɗauki alkawarin shekara biyu a rubuce, a biya kowane wata ba fashi, da kuɗin makarantar 'ya'yansa. Tallafin da yake zuwa wata uku ya tsaya ya fi rashinsa ciwo, domin mutumin ya riga ya kwashe iyalinsa ya tafi. Filin ma ba lallai ya yi nisa ba: wuraren gine-gine na Lekki da Ibeju cike suke da leburori masu jin Hausa da suke kwana a kangon da suke ginawa, mutum biyu da Littafi da awa ɗaya ranar Lahadi da yamma sun isa a fara. Bulus da Barnaba sun komo Antakiya suka tara ikilisiya suka ba da labarin aikin, bisa Ayyukan Manzanni 14:26-27. Don haka a sa kuɗin motar mai bisharar, zuwa da komowa, cikin kasafin shekara, a ba shi Lahadi guda sukutum, a kuma tura dattijo ɗaya da mace ɗaya su kwana biyu a inda yake aiki kafin a sabunta alkawarin.